Kusheyin Magabata: Daga Gawo Zuwa Burmi

Wanda duk ya taɓa zama gaban dattawa masu jero sunayen sarakunan ƙasar Hausa zai lura da wata al'ada tamu wadda ba kasafai ake tsayawa a kanta ba. Idan sarki ya rasu, sau da yawa sunan wurin da ajali ya riske shi, ko wurin da aka yi masa sutura, shi ke zama laƙabinsa har abada. A Kano ana cewa Usman Maje Ringim, wanda ya rasu a 1855, da ɗan'uwansa Abdullahi Maje Karofi, wanda ya cika a Karofi ta ƙasar Katsina bisa hanyarsa ta zuwa Sakkwato. A Sakkwato kuwa sai ka ji Bello mai Wurno, Atiku mai Katuru, Ahmadu mai Cimola. Magabatanmu sun ɗauki makwancin mutum wani yanki na sunansa, ta yadda yaro mai haddace sunayen sarakuna yana haddace taswirar ƙasa ba tare da ya sani ba.

A wannan fitowa muna so mu zagaya da mai karatu wasu daga cikin maƙabartun tarihi na yankinmu, tun daga gaɓar kogin Isa, wanda ƴan'uwanmu na kudu ke kira Kwara, har zuwa gaɓar kogin Gwangola. Dalilin zagayen shi ne, da yawa daga cikin abin da muka sani game da shigowar Musulunci da zaman kakanninmu a wannan yanki, ƙasa ce ta riƙe mana shi a cikin kaburbura, kuma a idonmu wannan ajiya take zubewa. Wani wurin da gatari aka rushe shi, wani da shebur aka wawashe shi, amma mafi yawa sakaci ne kawai ya cinye su.

Duwatsun Sane

A 1939 aka gano wata tsohuwar maƙabarta a Sane, ƴan kilomitoci gabas da birnin Gawo na ƙasar Mali. Abin da ya ba masana mamaki shi ne duwatsun da aka kafa a kan kaburburan. Wasunsu farin dutse ne mai sheƙi, irin wanda ake daɓe manyan masallatai da shi, an sassaƙa musu rubutun Larabci da salon Kufa, sassaƙa ta gwanaye. Babu irin wannan dutse a ƙasar Gawo. Bincike ya nuna cewa a birnin Almariya na Andalus, wato Sifen ta yau, aka fafe su aka rubuta su, sa'an nan aka ƙetaro da su teku, aka ɗora wa raƙuma suka ratsa Sahara da su. Mai karatu ya ɗan tsaya ya auna nisan wannan tafiya, da cewa sai an aika da sunan mamaci da ranar rasuwarsa tukuna, kafin a sassaƙa a komo da dutsen.

Dutse ɗaya na wani sarki ne mai suna Abu Abdullahi Muhammadu, wanda ya rasu a shekara ta 494 bayan Hijira, daidai da 1100. Na biyu sunansa Abubakar ɗan Abu Ƙuhafa, ya rasu a 503, wato 1110. Na uku, wanda ya rasu a 514, wato 1120, an rubuta sunansa na gida, Yama ɗan Kima, tare da sunan da ya ɗauka, Umaru ɗan Haɗɗabi. Duk ɗalibin da ya karanta tarihin Musulunci zai gane jerin nan take: sunan Manzon Allah (SAW), sai na halifansa na farko, sai na biyu. Sarakuna uku a jere sun zaɓi su jera sunayensu bisa tsarin farkon Musulunci, a bakin kogin Isa, shekaru 700 kafin jihadin Shehu Usmanu.

Akwai kuma duwatsun mata masu laƙabin “malika”, wato sarauniya. Littattafan tarihin da malaman Tambutu suka rubuta a ƙarni na 17, irin su Tarihus Sudan na Abdurrahman Assa'adi, ba su ambaci waɗannan mata ba. Da ba domin duwatsun ba, da babu mai sanin sun taɓa rayuwa. Wani masani ɗan ƙasar Barazil, Paulo de Moraes Farias, ya shafe shekaru masu yawa yana bin irin waɗannan rubuce-rubuce a Sane da Gawo da Bentiya da Essuk, tsohon birnin Tadmakka na cikin duwatsun Adagh, har ya tattara su cikin littafi guda a 2003. A Essuk an sami rubutun Larabci mai ɗauke da shekara ta 404 bayan Hijira, wato wajen 1013. Yana cikin rubuce-rubucen Larabci mafi tsufa masu kwanan wata da suka saura a yankinmu, kuma a jikin dutse yake, rana da iska suna dukansa.

Kabarin Askiya

A cikin birnin Gawo kansa akwai ginin da ya fi kowane shahara a yankin, wato kabarin Askiya Muhammadu, sarkin Sonai. Tulin gini ne na laka mai hawa-hawa, tsayinsa mita 17, itatuwa sun huhhudo daga jikinsa ta ko'ina. Waɗannan itatuwa su ne matakalar magina idan lokacin yaɓe ya zo, domin ginin laka ba ya rayuwa sai da hannun mutane. Kowane ruwan sama yana ɗibar rabonsa, mutanen gari kuma su taru su mayar. Kewaye da shi akwai masallatai biyu, na maza da na mata, da filin idi, da maƙabarta. Hukumar UNESCO, wadda ta sanya shi cikin jerin kayan tarihin duniya a 2004, ta ba da 1495 a matsayin shekarar gina shi.

Askiya ya karɓi mulki a 1493, ya yi aikin hajji da ayari mai girma, ya kusanto da malamai, ciki har da Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa kafin ya wuce Gawo ya amsa tambayoyin Askiya kan sha'anin mulki. Ikonsa ya kai har Agadas. Amma wanda ya tsaya gaban wannan gini ya kamata ya tuna yadda mai shi ya ƙare. Ya tsufa, ya makance, ɗansa Musa ya tuɓe shi a 1528. Daga baya aka kai shi wani tsibiri a cikin kogi, inda masu tarihi suka ce ya koka da sauro da kwaɗi. Wani ɗan nasa, Isma'ila, shi ya maido shi Gawo, ya rasu a 1538. Shi kuwa Magili kabarinsa yana can ƙasar Tuwat a kudancin Aljeriya, inda har yau ake ziyartarsa.

Abin da ya faru a Tambutu

Daga Gawo in aka hau kogi zuwa yamma sai Tambutu, birnin da ake yi wa kirari da waliyyai 333. Kaburburan manyan malamansa suna warwatse cikin maƙabartun da ke kewaye da tsohon gari, wasu kuma jingine da bangon masallatai. Ƙananan ɗakuna ne na laka da dutsen ƙasar da ake kira alhor, ba su da wani ado. Goma sha shida daga cikinsu suna cikin abin da UNESCO ta amince da shi tun 1988. Daga cikin masu su akwai Sidi Mahmudu ɗan Umaru, na gidan Aƙit, alƙalin birnin a ƙarni na 16, gidan da ya fitar da Ahmadu Baba.

A 2012 ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suka mamaye arewacin Mali. Ranar 30 ga watan Yuni, kwana biyu bayan UNESCO ta sanya Tambutu cikin wuraren da ke cikin haɗari, mutanen Ansaruddin suka soma rushe ɗakunan da gatura da diga, suka fara da na Sidi Mahmudu. Suka kuma ɓalle wata tsohuwar ƙofa ta masallacin Sidi Yahaya wadda mutanen gari suka daɗe ba su buɗe ba. Kafin shekarar ta ƙare an rushe goma sha huɗu. Mutanen gari suna tsaye suna kallo, babu halin magana, domin bindiga ce ke gadin masu rusawa.

Bayan an kori mayaƙan a 2013, maginan gari, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, suka sake ɗaga ɗakunan. Sun dogara da tsofaffin hotuna, da harsashin da ya saura a ƙasa, da abin da dattawan magina suka riƙe a ka. Aikin ya kammala a 2015, aka yi saukar Alƙur'ani a masallacin Jingarebar a watan Fabrairun 2016 aka miƙa mabuɗai ga iyalan da ke kula da su. A watan Satumba na wannan shekarar kotun duniya mai hukunta manyan laifuffuka da ke ƙasar Holan ta ɗaure Ahmad Alfaƙi Almahadi, wanda ya jagoranci rusawar, shekara 9, bayan ya amsa laifinsa ya nemi gafarar mutanen Tambutu. Wannan shi ne karo na farko da kotun ta hukunta mutum kan rushe wuraren tarihi da na ibada kawai.

A nan dole mu tsaya kan mas'alar da ke cikin zuciyar mai karatu, domin tsallake ta ba adalci ba ne. Masu rusawa sun kafa hujja da cewa shari'a ta hana gini a kan kabari, kuma ba daga iska suka ɗauko maganar ba. Hadisai ingantattu sun hana shafe kabari da farar ƙasa, da gini a kansa, da zama bisa shi, da fuskantarsa da salla. A mazhabar Malikiyya da muke bi, Muhtasar na Shehu Halil ya karhanta yaɓe kabari da gini a kansa, ya ce idan don alfahari aka yi to haramun ne, amma ya halatta alamar da za ta bambanta shi da waninsa, kamar dutse ko itace. Asalin wannan halatci sananne ne: da Usmanu ɗan Maz'unu (RA) ya rasu a Madina, Manzon Allah (SAW) da kansa ya ɗauko dutse ya aza wajen kansa domin ya riƙa gane kabarin, ya kuma rufe iyalansa kusa da shi. Haka nan ziyarar kaburbura, da farko an hana ta, daga baya aka yi izini saboda tana tunatar da lahira.

Saboda haka malami yana da damar ya ce gini bisa kabari ba shi ne mafifici ba, ya kuma tsawata wa mai roƙon mamaci ko mai ɗibar ƙasar kabari don neman tabarruki. Wa'azi ke nan, kuma malamanmu sun daɗe suna yin sa. Amma a ganina, tsakanin wannan da shigowa garin Musulmi da bindiga, a tsaya bisa kan malaman da suka karantar da Muwaɗɗa da Risala shekaru ɗaruruwa ana sara da gatari, akwai rata mai nisa. Alƙalan Tambutu ba su jahilci hadisan nan ba; su suka kwafe su da hannunsu cikin littattafan da muke alfahari da su yau. Gyaran abin ƙi yana da ladubba da masu ikon yin sa, kuma malamai sun sharɗanta kada gyaran ya haifar da ɓarnar da ta fi shi.

Hubbare da ƴan'uwansa

In muka gangaro da kogi muka shigo Nijar, za mu bi ta Sayi, inda kabarin Alfa Mahaman Jobbo yake, malamin da ya mayar da garin cibiyar karatu kafin rasuwarsa a 1834. Ba banza aka zaɓi Sayi ba lokacin da aka tashi kafa Jami'ar Musulunci ta Nijar, wadda ta buɗe a 1986. Daga nan sai mu yi gabas zuwa ƙasar Hausa.

A birnin Sakkwato, Hubbaren Shehu shi ne gidan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, a nan aka rufe shi a 1817. Bayansa aka riƙa rufe iyalansa da almajiransa kusa da shi, har wurin ya zama maƙabartar gidan. Ƴarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, tana nan kusa da mahaifinta, kuma mata daga ƙauyuka, magadan ƴan taru da ta kafa domin karantar da mata, ba su daina zuwa ziyara ba. Sarakunan Musulmi na baya-bayan nan, Abubakar na Uku a 1988, Muhammadu Macciɗo a 2006, da Ibrahim Dasuƙi a 2016, duk a Hubbare aka yi musu sutura. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

Abin lura shi ne manyan jagororin jihadi ba su taru wuri guda ba. Abdullahi ƙanen Shehu yana Gwandu. Muhammadu Bello, wanda ya gina Sakkwato, ya zaɓi zaman ribaɗi a Wurno, bakin iyaka da abokan gaba, can ya rasu a 1837, can kuma aka rufe shi. Atiku ya cika a Katuru a 1842 yana komowa daga yaƙi. Wanda ya bi waɗannan kaburbura ɗaya bayan ɗaya zai ga inda iyakokin daular suke a wancan zamani, da inda take jin tsoron hari.

Mu mutanen arewacin iyaka muna da rabo a wannan tarihi fiye da yadda ƴaƴanmu suka sani. A Maratta aka haifi Shehu a 1754, kusa da Galmi cikin jihar Tawa. Malaminsa da ya fi yi masa tasiri, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a yankin Madawa yake kwance. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ta bar malami a wata ƙasa, almajiri a wata. Shehun kansa, a littafinsa Ihya'us Sunna, ya keɓe babi kan jana'iza da maƙabartu, inda ya bayyana sunna ya kuma yi gargaɗi kan bidi'o'in da mutane ke yi a wajen kaburbura. Mai ziyarar Hubbare da ya san wannan zai yi sallama, ya yi wa mamata addu'a, ya fito, kamar yadda mai wurin ya koyar.

Sai dai tarihi bai yi wa kowa rabo daidai ba. Sarkin Gobir Yunfa ya faɗi a Alƙalawa a 1808, birnin ya zama kufai, zuriyar gidan suka watsu kafin su sake kafa sarauta a Tsibiri kusa da Maraɗi. Kusheyin waɗanda aka ci da yaƙi ba su cika samun mai share su ba, alhali su ma kakannin wasunmu ne.

Waɗanda suka kwanta nesa da gida

Zuwan Turawa ya haifar da wani sabon nau'in kabari, na sarkin da aka raba da ƙasarsa. Ahmadu Sheku, ɗan Alhaji Umaru Futi, ya bar Segu da Masina a hannun Faransawa, ya yi ta gabas da jama'arsa, ya ratsa ƙasar Nijar ta yau, ya rasu a 1897 a Maikulki kusa da Sakkwato. Mahaifinsa kuwa ya ɓace a kogunan duwatsun Degembere kusa da Banjagara a 1864, babu kabarin da za a nuna a ce nasa ne. Samori ya rasu a tsare a Gabon a 1900. Sarkin Kano Alu, wanda Ingilishi suka kama a 1903, ya ƙare kwanakinsa a Lakwaja a 1926, kuma ba shi kaɗai ba ne sarkin Arewa da ke kwance a garin.

Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne na Burmi. Bayan sojojin Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita da niyyar hijira zuwa gabas, dubban talakawa suka bar gonakinsu suka bi shi. An tare su a Burmi, kusa da Bajoga cikin jihar Gwambe ta yau, ranar 27 ga Yuli, 1903. Sarkin ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Kwamandan Turawan, Manjo Mash, shi ma a nan ya mutu, kabarinsa yana wannan fili. Garin Burmi bai sake tashi ba.

Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello, ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira har Sudan, suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Laƙabinsa Mai Wurno, irin wanda ake yi wa masu sunan Bello domin girmama mai kabarin Wurno. Da wannan laƙabi ake kiran garin da suka kafa har yau, Maiwurno. Ta haka sunan wani makwanci da ke kusa da Sakkwato ya zama sunan gari a gaɓar Nilu.

Kaburburan da suka riga Musulunci

Ba da Musulunci aka fara rufe mutane a wannan ƙasa ba, kuma mafi tsufan maƙabartunmu suna cikin Nijar. A shekara ta 2000 wani masani Ba'amurke, Paul Sereno, yana neman ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da a hamadar Tenere, sai ayarinsa ya ci karo da ƙasusuwan mutane a wani wuri da ake kira Gobero. Da aka tona aka sami kaburbura wajen 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe tun tuni, tare da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa. Al'umma biyu suka zauna wurin a zamuna daban-daban, na farkon kusan shekaru 10,000 da suka wuce. An sami wata yarinya da awarwaron haƙorin dorina a dantsenta. An kuma sami wata mace da yara biyu a kabari guda, suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe, an rufe su fiye da shekaru 5,000 da suka wuce, kuma ƙurar furanni da aka gano ƙarƙashinsu ta sa masana suna ganin bisa furanni aka kwantar da su. Duk uwar da ta taɓa rasa ɗa ba ta bukatar a yi mata bayanin wannan kabari.

A yammacin ƙasar kuma, a yankin Tera, an gano maƙabartar Bura a 1975, masanin tarihi Bube Gado na jami'ar Yamai ya tona ta a 1983. A ɗan fili kaɗan ya sami tukwanen ƙasa fiye da 600 a kife bisa kaburbura, wasu da siffar kawunan mutane, wasu da mahaya dawaki. Mafi tsufansu sun kai ƙarni na 3. Sai aka kai wasu baje koli a Faransa a 1993, masu tara kayan tarihi na Turai suka gani suka yi sha'awa, farashi ya tashi. Abin da ya biyo baya abin kunya ne. Dillalai suka bazu cikin ƙauyuka, manoman da fari ya talauta suka ɗauki shebur, aka riƙa farfasa kaburbura ana cire kawunan ana zubar da saura. A shekara ta 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sanya kayan Bura cikin jerin waɗanda aka hana saye da sayarwa, amma wurare da yawa sun riga sun zama ramuka. Tukunyar da aka cire daga muhallinta ta zama abin ado kawai a falon wani attajiri. Labarin wanda ke ƙarƙashinta, da zamaninsa, da abin da ya ci ya sha, ya tafi ke nan.

A ƙasar Katsina ma akwai Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani, tuddan da ake danganta su da sarakunan farko na Katsina. An tona su a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka sami kayan ƙarfe da duwatsun ado da wuri waɗanda suka nuna cewa ƙasar Hausa tana cinikayya da nesa tun ƙarnoni kafin zuwan Bature.

Wani zai ce, ina ruwanmu da kaburburan waɗanda ba su yi salla ba? Amsa ita ce Alƙur'ani ya ba da labarin girmama ɗan Adam ba tare da ya keɓe wata al'umma ba, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude, ya tunatar da sahabbai cewa shi ma rai ne. Malaman fiƙihu sun yi magana kan halin da lalura ke sa a tashi kabari, amma ban san wanda ya halatta tone mamaci domin a sayar da abin da aka rufe shi da shi ba.

Maƙabartar bayan gari

Duk wuraren da muka ambata suna da masu magana a kansu. Wadda ba ta da kowa ita ce maƙabartar bayan garinmu. Yadda muke rufe mamaci abu ne mai sauƙi da kyau: a yi wanka, a sa likkafani, a ɗauka a makara, a yi salla, a sa shi a ramin ciki bisa gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace ko fasassun tukwane, a liƙe da laka, a tura ƙasa, a ɗora ƙaya saboda dabbobi. Sarki da talaka duk ɗaya. Amma wannan sauƙi yana nufin cewa bayan damina biyar ko goma tudun ya baje, sai wanda ya sani kawai ya sani.

Da can wannan bai zama matsala ba, domin gari ƙarami ne, kowa ya san cewa daga tsamiyar nan zuwa kukar can maƙabarta ce, ba a noma ba a gini. Yanzu garuruwa sun faɗaɗa sun haɗiye tsofaffin maƙabartu. Inda babu katanga sai hanya ta ratsa, awaki su shiga, a mai da gefe juji, ruwan sama ya yi zaizaya har ƙasusuwa su bayyana. Mai yankan filaye kuma yana jiran ranar da dattijon ƙarshe da ya san iyakar zai kwanta. Hadisi ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye, amma sau nawa aka haƙa harsashin gida aka ci karo da ƙashi, aka kawar da kai aka ci gaba da zuba kankare?

Na taɓa raka wani dattijo garinsu bayan ya shafe shekaru yana ci-rani a bakin teku, yana so ya yi wa mahaifinsa addu'a a bakin kabarinsa. Muka tarar itacen da ya riƙe a matsayin alama an sare shi, mai haƙan kabarin da ya san wurin ya rasu, ƴaƴansa kuma sun bar sana'ar. Ya tsaya a tsakiyar fili ya yi sallama ga dukkan mazauna wurin, ya yi addu'arsa. Addu'a tana isa ko daga ina aka yi ta, wannan babu shakka, amma na ga fuskarsa lokacin da muke komowa.

Maginan Tambutu sun iya maido da abin da aka rushe ne saboda akwai hoto, akwai harsashi, akwai dattijon da ya tuna. A yawancin garuruwanmu na ukun kaɗai muke da shi, shi ma tsufa ya kama shi. Abin da reshen ƙungiya ko kwamitin masallaci zai iya yi bai fi ƙarfinsa ba, kuma babu saɓanin malamai a cikinsa. A je wurin magajin gari a tabbatar filin maƙabarta yana da takarda da sunan jama'a. Inda kuɗin katanga bai samu ba, a dasa shingen itatuwa a kan iyaka. Kafin ruwan farko ya sauka a sa rana guda matasa su fito su cike kaburburan da suka rufta, su gyara magudanar ruwa. Sa'an nan a sami ɗalibi mai kyakkyawan rubutu ya bi tsohon mai haƙa kabari da liman layi-layi, su faɗa yana rubutawa, wane yana nan, wance tana can, malam wane da ya kafa makarantar allo ta farko yana gindin wancan dutse. Littafin a ajiye shi a masallaci, a kuma yi masa kwafi na biyu a ba mai gari.